Gwaggo Mai Aurar da Dabino

Allah ne ya ara mana ita, kuma ya karɓi abinsa a lokacin da ya so. Mu ma hanyar muke bi. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu cikin sanyin bana a kwarinmu da ke kudu da Gure. Da hantsi ne. Ta sha kununta, ta kife ƙoƙon, ta jingina da dangar ɗakinta kamar mai jiran rana ta gasa mata ƙafafu. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci.

Karatuna bai yi nisa ba, hannuna ma ya fi sanin igiyar guga a kan alƙalami. Amma na ga yadda ake manta mutum a wurinmu. Bana a ce, "Gwaggo ta ce." Baɗi a ce, "wata tsohuwa ta ce." Daga nan sai a ce, "an ce." Ba na son a kai ta can, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona.

Da aka zauna makoki, takalma sun cika ƙofar gidanmu har sun bi jikin danga. An zo daga Bune, an zo daga cikin Gure, danginmu na Alakos sun zo a kan raƙuma. Kowa in ya yi addu'a ya shafa, sai ya nemi wata kalma da zai ajiye mata kafin ya tashi.

Liman ya ce, "Baiwar Allah ce mai sani."

Inna, mahaifiyata, tana bayan zana tare da mata. Ta ce, "Allah gafarta malam, iyakarta abin salla fa."

"Ai ban ce karatu ba," in ji liman. "Sani na ce."

Wata mai sayar da gishirin manda a kasuwar Gure, wadda ke zama kusa da inda Gwaggo ke kasa dabino, ta leƙo ta ce ita dai a wurinta mai labari ce, ba ka zama kusa da ita ka tashi yadda ka zo. Yayana ya girgiza kai. Ya ce Gwaggo ba ta ba da labari. In ka tambaye ta abin da ake ciki a Damagaram sai ta ce ba ta je ba.

Sai ƙanin mijin Gwaggo ya gyara zama. Tsoho ne Bamange, ɗan ƙabilar Mangawa, lambunsa na jikin namu, kuma tun tana amarya suke tsokanar juna irin ta ƙanin miji da matar wa. Ya ce, "Ku duka kara kuke yi mata. Matar nan mai wahalar da mutane ce. Tambaya ɗaya na taɓa yi mata, na ce me ya sa yashi ke cin dangata ya bar tata. Da mai imani ce ai sai ta faɗa mini ina zaune a inuwa. Ita sai da ta hau da ni kan tudu da rana tsaka, ta tsayar da ni ina kallon iska kamar taɓaɓɓe."

Dariya ta kuɓuce wa mutane. Sai aka yi shiru don kunyar wurin, aka dubi Baba. Kansa na sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Ba a san ko kuka yake ko dariya ba, ni dai ina jin duka biyun ne. Tsohon Bamangen ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce, "Amma yashi bai ƙara cin dangata ba."

Na daɗe ina juya kalmomin nan a raina. Akwai mai sanar da kai abu: ya faɗa, ka ji, ka riƙe, wata rana ka manta ko ka faɗa wa wani a karkace. Gwaggo in ta gama da kai, abin da ka saba wucewa kullum sai ya koma kamar ɗakin da aka ɗage wa asabari rana ta shiga. Kayan ciki ba su ƙaru ba, amma yanzu kana ganin inda kowane yake, ba ka sake tuntuɓe da shi. Kalmar da na tsaya a kanta ita ce haskakawa. Gwaggo mai haskaka wa mutum abu ce. In akwai kalmar da ta fi wannan dacewa da ita, ban san ta ba.

Magana ɗaya gare ta da duk kwarin ya sani. Ka tambaye ta abu, sai ta dube ka daga sama zuwa ƙasa, ta ce, "Ɗauko takalminka." Da Barbarci take faɗa in ranta ya ɓaci, da Hausa take ciniki, amma wannan maganar a kowane harshe takan zo. Har matan kasuwa in wani ya cika su da tambaya sai su ce masa ya je wurin tsohuwar dabino, amma kada ya manta takalmi.

Matata 'yar tudu ce, ba ta taɓa zama a kwari ba kafin a kawo ta. Farkon girkinta ta gangara ta ɗebi ruwa a rijiyar tsakiyar kwari, don ita ce ruwanta ya fi kusa da hannu. Tuwon ya fito da wani launi da ɗaci. Muka ci muka yi shiru, ita kuwa ta shiga ɗaki ta ƙi fitowa. Da safe ta tambayi Gwaggo a hankali ko geron nan daban ne da na garinsu. Gwaggo ta ce ta ɗauko takalminta da ƙoƙo. Suka fara daga rijiyar gindin tudu, inda goruba ta yi layi, suka bi ta cikin dabino, suka ratsa albasa, kowace rijiya sai ta sa ta kurɓa.

"Wannan fa?"

"Da daɗi, Gwaggo."

"Wannan fa?"

"Ya fara nauyi."

Da suka kai tsakiya, inda ƙasa ta yi fari fat da kanwa, matata ta kurɓa ta tofar. Gwaggo ta ce, "To, ke ce ba ki iya girki ba?" Daga nesa muka jiyo dariyarsu. A hanyar dawowa ta ce mata kada ta raina ruwan tsakiya, ta riƙa ɗebo shi ranar dafa wake. Har yau wake ba ya yi wa matata gardama.

Ba kowa ke jin daɗin zama da ita ba, gaskiya. Ba ta son mai gyaɗa kai. In ta ce, "Ka gane?" ka ce ka gane, sai ta miƙa maka wuƙar ko igiyar, ta ce, "To yi in gani." Ta naɗe hannu ta tsaya, ko da kai ne mai gida, ko da surukinka na kallo. Na sha gumi a gabanta ba don rana ba.

Mu asali ba mutanen kwari ba ne. Makiyaya ne, a wajen Alakos aka haife ni, cikin shanu. Gwaggo ce kaɗai aka aurar kudu, ga wani Bamange mai lambu, tun kafin a haife ni. Allah bai bar mata ɗa ba. Mijin ya rasu ya bar ta da dabinon da ta dasa da hannunta, kuma a al'adar wurin itace na wanda ya dasa shi ne. Shekarar mutuwar shanu, wadda duk wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa, garken Baba ya ƙare a gaban idonsa, bai rage ko maraƙi ba. Gwaggo ta aiko ƙanin mijinta da jakai, da saƙo gajere: "Ka ce wa Auta ya taho." Auta take kiran Baba, shi da furfurarsa, don shi ne na ƙarshen uwarsu.

Muka zo daidai lokacin da dabino ya nuna. Baba ba mai son zama a ciyar da shi ba ne, yana ta neman abin da zai yi ya zama mai amfani. Sai ya ga bakin rijiyar lambu ya zube, ana bukatar itacen da za a ɗaure shi. Ya zagaya, ya ga kowane dabino ya ɗauki 'ya'ya sai wani dogo guda a gefen gabas, ko ƙwaya babu a kansa. Ya kira ni da yayana, ya ɗauko gatari. Ya yi sara ɗaya, ya ɗaga zai ƙara, sai muka hango Gwaggo na gangarowa daga tudu a guje, tsohuwa, ɗankwali a hannu.

"Auta, ajiye gatarin nan."

"Yaya, itacen nan banza ne. Ruwa kawai yake sha."

Ta tsaya tana haki. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Baƙin bijimin nan na garkenka, ƙwarya nawa kake tatsa a jikinsa?"

"Wa ke tatsar bijimi?"

"To me ya hana ka yanka shi, tunda ruwa kawai yake sha?"

Baba ya ce, "Itace ne fa, Yaya. Itace ba shi da namiji da mace."

Muka jira ta ce ya ɗauko takalminsa. Sai ta ce, "Ba yau ba. Ajiye takalminka kusa, sanyi na zuwa."

Baba ya ji zafin maganar, don ta ambaci garken a gaban 'ya'yansa tun ciwon na ɗanye. Ya daina yi mata magana. Suna zaune tabarma na kallon tabarma, sai ya ce wa Inna, "Ki gaya wa yayata jigo ya karye." Gwaggo ta ce, "Ki gaya wa Auta na ji, kunnena bai karye ba." Haka Inna ta yi ta kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin tarin juna, har damina ta wuce, aka yi kaka.

Da sanyi ya shigo, wata safiya bayan raɓa ta bushe, Gwaggo ta ɗauki takalman Baba da hannunta ta ajiye a gabansa. Ya sa. Muka gangara. Ta sa na hau dogon itacen nan mai tabon gatari. A can sama, tsakanin rassa, na tarar da wasu abubuwa kamar kuben takobi. Ta ce in matsa ɗaya a hankali in kara kunne. Na ji yana ƙara kamar busasshen ganye. Ta ce wannan ya yi, in yanko. Ta tsaga shi a gaban Baba. Ciki fure ne fari, sili-sili, da ta kaɗa shi sai wani gari ya zubo a tafin hannunsa, mai ƙamshi da ƙarfi. Sannan ta sa yayana ya hau wata gajera ta kusa, ya sauko da sili ɗaya daga kuben da ya tsage. Wannan ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar tsakiya, ba gari.

"Ga namiji, ga mace," in ji ta. "Iska takan kai masa saƙo, amma iska ba 'yar aike ce ta kirki ba."

Ta nuna mana yadda ake ɗaukar silin namiji a juya kansa ƙasa, a cusa shi cikin furen macen, a ɗaure da zaren ganye ba tamau ba. Mangawa suna da sunan aikin a bakinsu, ita da Hausa sai ta ce aurar da dabino. Da yayana ya gama ɗaurin farko, Gwaggo ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga goruba. Ashe haka take yi kowace shekara, ita kaɗai, tun mijinta na da rai.

Nan Baba ya manta ba ya magana da ita. Ya ce, "Wannan camfin Mangawa ne. Ina aka taɓa ɗaura wa itace aure?"

"Zaɓi guda," ta ce. "Taka ce, ba mai taɓa ta."

Ya zaɓi wadda ta fi kowace kyau, can ƙarshen lambu. Aka bar ta ba a aurar da ita ba. Da lokaci ya yi, sauran suka sunkuyo da nauyi, tasa kuwa ta yi wasu 'ya'ya sirara, rabi suka zube awaki suka cinye. Gwaggo ta jira lokacin yanka. Ranar da aka fara yanka, ta zuba na itacensa a faifai ɗaya, na sauran a wani faifan, ta ajiye masa duka biyu ta koma ta zauna. Baba ya ɗauki nasa ya gatsa, ya laluba da harshe, ya buɗe ya duba.

"Ba ƙwallo," ya ce.

"Ba uba," in ji Gwaggo.

Baba ya yi dariya har da tari. Inna ta ce tun mutuwar shanu ba ta ga haƙoransa ba sai ranar.

Akwai wani alherin da ta yi masa wanda ba ta taɓa bari a ambata ba. A shekarar farko, kullum da safe Baba kan ɗauki sandarsa ta kiwo ya hau kan tudu ya tsaya yana duban arewa. Ba abin da ke can sai yashi. Ba wanda ya iya ce masa komai. Wata rana Gwaggo ta bi shi, ta ce, "Auta, maruƙa sun yi yawa a gindin uwayensu, ba mai yaye su. Ni ƙarfina ya ƙare." Tana nufin 'ya'yan dabino da ke tsirowa a jikin uwar. Ta nuna masa yadda ake raba su da uwa ba tare da an kashe su ba, yadda ake dasa su, a yi musu rumfar kaba, a shayar da su. Baba ya kama. Kafin mu ankara ya sa musu sunayen shanunsa da suka mutu: Tauraruwa, Gajera, Mai Ƙaho Ɗaya, Jar Uwa. Dogon nan mai tabo kuwa ya zama Bijimi. Da safe yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa su, yana yi musu maganar da ake yi wa shanu. Gwaggo da ke yi wa kowa dariya, ba ta taɓa yi wa wannan dariya ba, kuma ba ta bar kowa ya yi ba.

Sau ɗaya na ji an tambaye ta dalilin abu ba ta ambaci takalmi ba. Baba ne, suna zaune a bakin rijiya, ya ce, "Yaya, ke da kika san dalilin komai, me ya kashe shanun nan?" Ta dubi ruwa. Ta ce, "Wannan ban san inda zan kai ka ka gani ba." Ta miƙa masa guga, suka ci gaba da ban ruwa.

A 'yan shekarun nan ƙafafunta sun gaza. Lokacin fure sai mu ɗora ta a jaki mu gangara da ita, a shimfiɗa mata tabarma a gindin Bijimi. Mu ne masu hawa, amma ita ce mai cewa. "Wannan ya yi." "Wannan bar shi sai gobe." "Waccan ta kusa wucewa, fara da ita." Mun saba har ba mu lura ba cewa a cikinmu babu wanda ya taɓa yanke shawarar nan da kansa. Bana ba ta iya hawa jakin ba. Safiyar da za ta rasu, na kawo mata kunu, ta ce, "Bijimi ya tsage?" Na ce tukuna. Ta ce, "Ya kusa." Ita ce maganarta ta ƙarshe da ni.

Washegarin jana'iza ƙanin mijinta ya matso kusa da Baba a tabarmar makoki, ya ce a hankali kube ya fara tsagewa a lambunsa, ya leƙa namu ma haka. Duk wanda ya zauna a kwari ya san abin da wannan ke nufi. Furen mace ba ya jira. In ya buɗe, kwanaki kaɗan ne, in ba a kai masa gari ba shekarar ta tafi. Mu kuwa ba saniya gare mu ba. Dabino shi ne muke kaiwa Gure mu musanya da gero, shi ne tuwonmu na shekara. Yayana ya daɗe yana cewa duk shekarar da dabino ya ƙi, zai kwashi iyalinsa ya tafi Damagaram neman abin yi. Baba ya ga garkensa ya watse sau ɗaya, kuma mun san ba zai iya ganin gidansa ya watse ba.

Amma tashi daga tabarmar makoki ba ƙaramin abu ba ne, ga baƙi na ta sauka daga nesa. Wani kawunmu na Alakos, dattijo mai raƙuma, wanda bai taɓa taka kwari ba, ya ji abin da ake raɗa. Ya ce wa Baba, "Yayarka ko sanyin kabari ba ta ji ba, za ka bar masu gaisuwa ka tafi hawan itace? Me za mu faɗa in mun koma?"

Yayana ya ce, "A bari a yi sadakar bakwai, Baba. Ko mun je ma, wa zai ce mana wannan ya yi, wannan sai gobe?"

Baba ya gyara zama a tabarmarsa. Aka yi sadakar uku yana zaune, yana karɓar gaisuwa, yana cewa amin.

Washegari da hantsi iska ta juyo daga kwari. Ni ban lura ba sai da na ga Baba ya ɗaga kai yana shaƙa, yadda makiyayi ke yi in ya ji ƙamshin ruwan sama. Sannan na ji shi ni ma. Ƙamshin Bijimi ne ya hauro har tsakar gida. Baba ya dube ni daga sama zuwa ƙasa.

"Ɗauko takalminka," ya ce.

Ya juya ga kawu. "Kai ma."

"Ni?"

"Ka zo ta'aziyyar matar da ba ka sani ba. Taho in nuna maka ita."

Aka dubi liman. Liman ya ce shi bai taɓa jin inda aka ce addu'a ba ta karɓuwa a inuwar dabino ba, kuma wanda ya zo gaisuwa daga nesa ba zai gaji da ɗan gangaren nan ba. Ya naɗe buzunsa ya miƙe. Sai kowa ya miƙe. A ƙofar gida aka yi ta laluben takalma, wannan ya sa na wancan, ƙanin mijin Gwaggo ya fita da ƙafa ɗaya tasa ɗaya ta liman, yana cewa ko a kabari matar nan ba ta daina wahalar da shi ba. Aka kwashi tabarmi, makoki ya koma gindin Bijimi.

Na ɗaura igiya na hau. Na matsa kuben farko, na kara kunne. Sai na duba ƙasa, inda tabarmarta ke zama, don in ji me za ta ce. Baba ne tsaye a wurin.

"Me ka ji?" ya ce.

"Yana ƙara, Baba."

"To me kake jira?"

Na yanko. Na matsa na biyu, na ji shi shiru da laushi, na bar shi ba tare da na tambayi kowa ba. A nan ne na gane ashe na daɗe da sani, ita ce dai nake jin daɗin ta faɗa.

Matan dabinon kuwa Baba ya san su fiye da kowa. Ya bi su da sandarsa ta kiwo yana nunawa. "Tauraruwa yau. Jar Uwa yau, fara da ita, ta matsu. Gajera bar ta, kullum takan makara, haka take tun tana saniya." Yayana bai jira an ce masa ba, ya tuɓe riga ya hau Jar Uwa. Kawu na biye da Baba yana riƙe da gefen babbar rigarsa don ƙaya. Can ya ce, "Wai da gaske itace na da namiji?" Baba ya kama hannunsa, ya kaɗa masa gari a tafi, ya ce, "Amalen raƙuminka, ƙwarya nawa kake tatsa a jikinsa?" Ni da yayana muka haɗa ido daga kan itatuwa biyu.

Yayana ya cusa silin farko, ya ɗaure, ya ɗaga hannu. Sai wurin ya yi tsit. Kowa da ya saba da lambun nan ya ji abin da babu. Mata na tsaye a gefen albasa, ba wadda ta motsa, don ba a guɗa a gidan makoki.

Ƙanin mijin Gwaggo ya ce, "Aure ba guɗa? Wallahi za ta taso ta zagaya da mu kwarin nan."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa kamar bai ji ba. Baba ya dubi Inna. Inna ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta fara. Muryarta ta karye a tsakiya. Matata ta karɓa ta kai ta ƙarshe, tsuntsaye suka tashi daga goruba.

Muka yi ta aikin har aka gama, masu gaisuwa na zuwa suna tarar da mu, wasu su yi addu'a su miƙo zare. Kafin kawu ya tafi, Baba ya sa shi ya zaɓi itace guda, ya ce nasa ne, ba mai taɓa shi.

Yanzu da nake rubuta wannan an yanke dabino. Ya yi kyau, Jar Uwa sai da aka yi mata tokara. Yayana bai tafi ba, yana can yana yaye 'ya'yan Tauraruwa. Kawu ya dawo daga Alakos a kan raƙumi, wai hanya ce ta biyo da shi. Baba ya ajiye masa faifai biyu. Ya gatsa, ya laluba, ya ce, "Ba ƙwallo." Baba ya buɗe baki zai ba shi amsar, sai ya kasa, ya juyar da fuska wajen ɗakin Gwaggo. Inna ce ta faɗa daga bayan zana: "Ba uba."

Takalman Gwaggo na nan a ƙofar ɗakinta inda ta cire su, dunduniyar ta cinye, maɗaurin ɗaya ɗinki a kan ɗinki. Baba ya ce a bar su.

Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta yadda ta haskaka mana abin da ke gabanmu ba mu gani ba. Wanda dabinon kwarinmu ya kai bakinsa, ya gatsa ya tarar da ƙwallo a ciki, ya yi mata addu'a kafin ya yar.